Lambobi Huɗu a Gilashin Waya

Litinin

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya ƙafar taka, ya shago? Na san za ka yi dariya ka ce injiniyar waya ta koma biro da takarda. Yi dariyarka. Direban Lauya ne zai kawo maka wannan, shi kuma zai dawo ya karɓi amsa. Daga yau na daina kiranka sai an gama shari'a.

Jiya da hantsi mai burodin da ke ƙasan benen da Lauya ta ɓoye ni ya ce wasu mutum biyu sun tsaya suna tambayarsa matar da tagarta ke kallon injin niƙa, mai yawan tari da safe. Baba, kai kaɗai na gaya wa zancen tagar nan da tarin nan, ranar Juma'a, a waya. Ko Lauya ba ta san ina tari ba.

Ka san abin da ya raba ni da gida. Shekara shida ina sashen da ke kulle kiran mutane a kamfani, sai na kama shugaban sashenmu yana buɗe kiran wasu yana miƙa wa waɗanda ba su da hurumin ji. Saura mako biyu in faɗi haka a gaban alƙali. Shi ya sa kafin in tafi na sa maka manhajar nan a wayarka. Bari in sake yi maka bayani, don ranar nan rabin hankalinka na kan agogon wani.

Idan na yi magana, wayata tana dagargaza muryata ta zama hayaniya, ta kulle ta da mabuɗin da ake ƙerawa sabo a kowane kira. Wayarka kaɗai ke da irinsa, ita ke mayar da hayaniyar ta zama ni. Wanda ya kasa kunne a hanya shuu kawai zai ji. Dabara ɗaya ta rage masa, ya shiga tsakaninmu, ya ce wa wayata shi ne kai, ya ce wa taka shi ne ni, ya riƙe mabuɗi biyu. Maganin wannan shi ne lambobi huɗun nan da ke fitowa a gilashi. Daga mabuɗin ake ciro su. In akwai mutum a tsakiya, nawa da naka ba za su taɓa zama ɗaya ba.

To kullum ina karanto maka su, kullum kana cewa daidai. Na juya lissafin nan har kaina ya yi zafi, ban gano inda ya ɓule ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ka tuna da kyau, akwai wanda ya taɓa riƙe wayarka ko na minti ɗaya? Ka taɓa amsa kirana da wani a shago?

Ka riƙa shan maganinka. Allah Ya bar mana kai.

'Yarka

Laraba

Wa alaikumus salam Uwata,

Takarda ta fito daga hannun mahaifinki mai gyaran agogo zuwa ga 'yarsa, tare da gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ƙafa da sauƙi, shago sai godiya. Ki yi haƙuri da girman rubutun, birona ne ya ƙafe, na ɗauki alƙalamin da nake rubuta kwali da shi.

Wayata ba ta taɓa barin aljihun rigata ba. In kika kira, labulen shago nake saki in shige can ciki bayan kabad, kamar mai cin bashin dare... a'a, kamar ɓarawon kansa, har mai walda maƙwabcina ya fara zolayata wai na yi budurwa. Lambobi kuwa daidai suke. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana zare ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba daga cikin agogo, shi za a tambaya ko ya duba lamba huɗu?

Wataƙila a bakin taga suka hango ki kina tarin. Tun kina ƙarama ba kya zama nesa da taga, marigayiya mahaifiyarki ta yi faɗa har ta gaji. Ki ja labule, ki sha ruwan ɗumi, ki daina ɗora wa kanki lissafi. Ni ma raina ba a kwance yake ba, amma ba zan ƙara miki da nawa ba.

Allah Ya tsare ki, Ya sa ki fito lafiya.

Babanki

Talata

Baba, sallama da gaisuwa.

Lauya ta sauya mini ɗaki tun ranar Alhamis, a cikin motar kai kayan wanki aka fitar da ni. Amma wani abu ne ya sa nake rubuto maka.

Jiya na karya alkawarina na kira ka, ka tuna, muka gaisa kawai na ajiye. A gilashina 3816 ne ya fito. Ni kuma da gangan na karanto maka 7294. Ko numfashi ba ka ja ba ka ce, "Daidai, Uwata."

Na zauna a ƙasa na rasa abin da zan riƙe. Kai da kake mayar wa mutum agogonsa ka ce yana gudu da sakan biyu, ba za ka ga bakwai a inda uku take ba. Saura abu ɗaya, akwai wanda ke tsaye a kanka lokacin da kake amsa ni, ya ce ka faɗi haka. Sun zo maka, ko? Sun taɓa ka? Wasiƙarka ma na sake karanta ta sau biyar ina neman inda ka ɓoye mini alama, rubutun duk ya hau kan juna kamar na wanda hannunsa ke karkarwa. Ni na jawo maka wannan, kana zaune lafiya da agogunanka.

Lauya ta hana ni faɗa wa kowa inda nake, amma takarda a manne take, daga hannun direba sai naka, ba mai shiga tsakaninta. Ka rufe shago ka taho. In ka sauka a babbar tasha ka nemi asibitin dabbobi, a bayansa akwai shagon buga kati, bene na biyu, ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Ba na buɗe wa kowa, ko mai kawo abinci a ƙasa yake ajiyewa. Ka yi sallama da ƙarfi, in na ji muryarka zan buɗe.

Kada ka tsaya haɗa kaya. Ina jiranka.

'Yarka

Laraba

Uwata, amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Ba wanda ya tsaya a kaina, ba wanda ya taɓa ni. Ki kwantar da hankalinki ta wannan wajen, ki ɗauko haƙuri ta wani wajen, domin ƙarya na yi miki.

Idona ne. Wata biyar ke nan da yanar ido ta kama ni, na dama ya riga ya tafi, na hagu kamar ina leƙe ta cikin leda. Ko da madubin aiki ba na ganin hannun sakan. Batir da maɗauri kawai nake sauyawa yanzu, da lalube, sauran aikin in ce wa mai shi ba a samun kayan gyara. Ranar da kika sa mini manhajar kika ce in karanto lambobi, shi ya sa na ce a'a, ke ki riƙa karantowa ni in duba, na fake da cewa ni ne babba. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Haske kawai nake gani.

Na ce a raina in kika sani za ki baro maɓoyarki ki zo kai ni asibiti. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka ba. Kunya nake ji. In layin nan ya ji mai agogo ya makance, me ya rage mini? Ashe da girman kaina na buɗe musu ƙofar da kika kulle. Da aka zo wajen da kika ce kin zauna a ƙasa, na yi kuka a gaban mutum.

Mutumin kuwa shi ne wanda yake karanta mini wasiƙunki, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Ban ba mai walda ba, ban ba direba ba, don kada zance ya zaga. Wani bawan Allah ne ba ɗan unguwar nan ba, makon jiya ya fara zuwa da agogon mahaifinsa, ya tarar ina juya takardarki ta farko a hannu, ya gane halin da nake ciki, sai ya ce, "Kawo in taimaka, Baba." Mai natsuwa ne ƙwarai. Kwatancen ɗakinki sau uku ya maimaita mini har na haddace. Shi ya ba ni shawara in kashe wayar gaba ɗaya tunda ana saurare, na kuwa kashe. Ya ce makaho da babbar tasha ba daɗi, gobe bayan azahar zai zo da motarsa ya kawo ni har ƙofarki, ni in yi sallama, shi ya juya.

Ki yi mini faɗan in na zo, na cancanta. Sai kin gan ni.

Babanki mai neman gafararki

Alhamis, ƙarfe takwas

Baba,

Ban yi fushi ba. Direba zai karanta maka wannan da bakinsa, kuma shi kaɗai za ka bi. Kada ka shiga motar mutumin nan. Kada ka jira shi, kada ka sallame shi, ko labulen shago kada ka tsaya saki. Muryarka yake so a bakin ƙofata.

Ni na riga na bar ɗakin, Lauya na tare da ni. Ido kuwa ana yi masa aiki, rabin awa ne, ni zan riƙe hannunka. Ka taho kawai.

'Yarka

Alhamis

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa.

Na iso sha ɗaya da kwata, ban tsaya ko'ina ba. Shagon a rufe yake da kwado. Na buga gida, ba kowa.

Mai walda ya ce tun wajen ƙarfe tara wata farar mota ta zo, bai kula da lambarta ba. Ya ce Baba ya fito da sabuwar riga da hula, mutumin na riƙe da hannunsa, har ya tsaya ya gaya wa 'yan layi cewa zai je ganin 'yarsa.

Na ba yaron wata motar haya da ke tahowa yanzu wannan ya kai wa Lauya, ni ina nan a bakin shagon. Ga wasiƙarki na haɗo miki, ba a buɗe ba. Ki faɗa mini inda zan nufa.

Direba