Cibiyar Sadiq Tana Gidan Haya

Daren Talata, Longsight

A waya nake faɗa, tunda ban iya rubutu ba. Yau landlord ya ce zai sayar da gidan nan. Baban Sadiq ya ce ko mu ci mortgage, wato bashin banki, mu saya, ga shi council, ƙaramar hukumar da yake wa aiki, sun rage musu aiki, ko mu koma haya Birmingham. Ya ce, "Ke me kika gani?"

Bai san na binne cibiyar Sadiq a garden, lambun gidan nan, ba, yadda Inna ta ce. Yaya zan bar wa baƙi ita? Da ya tafi masallaci na ɗauki cokali, na tona wuri uku. Ban same ta ba.

Gobe zan ce mu saya. Wallahi ban san da me za mu biya ba.