Layin Rawaya a Bakin Falo

Litinin, 23 ga Maris

Yau likitar 'yarmu Kwandasta ta kira mu da kanta. Ta ce yawancin yara korona ba ta yi musu mugun kamu, amma 'yarmu dabam ce. Masu larurar Down hanyar numfashinsu ƙarama ce, garkuwar jikinsu ba ta kai ta sauran yara ba. Ga aikin zuciya da aka yi mata tana jaririya, ga nimoniyar da ta taɓa kwantar da ita. Wai kuma ba lallai ta iya faɗin inda ke mata ciwo ba, sai mu sa ido kan numfashinta.

Sai ta tambayi aikina. Na ce direban bas ne.

"To kai ne ƙofar da ciwon zai bi ya shigo," in ji ta. Kada yarinyar ta taɓa ni sai na cire kaya na yi wanka.

Tun da ta iya tafiya ban taɓa buɗe ƙofar gidan nan ba ta sheƙo a guje ta maƙale min ba. Mai gyaran famfo ma bai tsira ba, rungume shi ta yi har sifanarsa ta faɗi. Wannan ce za a ce wa kada ta taɓa Baba?

Talata, 24 ga Maris

Mun gwada da baki. Mamanta ta riƙe ta, ni na wuce banɗaki kamar ɓarawo. Kukan da ta yi har makwabta sun leƙo. Ta ɗauka laifi ta yi, sai cewa take, "Baba yi haƙuri." Na daɗe a ƙarƙashin shawa, ba don datti ba.

Alhamis, 26 ga Maris

Dabara ta zo min ina tsaye a danja. A bas ɗinmu akwai layin rawaya a bayan kujerar direba, fasinja ba ya tsallake shi muddin mota na tafiya. Kuma duk duniya babu mai kishin layin nan kamar Kwandasta. Ai daga nan ta samo sunan. In ta bi ni aiki ranar hutu, ita ke nuna wa manya ƙafafunsu tana cewa "Baya!", a gida kuma ta yayyaga tsohuwar kalanda ta raba mana tikiti.

Na roƙi mai kula da gareji ya ba ni naɗin tef ɗin rawaya. Na liƙa shi a ƙasa, daidai bakin falo. Na ce mata in Baba ya shigo, mota na tafiya. Sai na yi wanka na fito na ce "Tasha!" sannan fasinja ya tsallake.

Mamanta ta taɓe baki. "Malam direba, gida ne nan fa, ba gareji ba."

Ita kuwa ta kalli layin, ta kalle ni, ta jera yatsun ƙafarta a bayansa kamar soja.

Lahadi, 29 ga Maris

Ya ci! Ba ta tsallake ba ko sau ɗaya. Mamanta ta ce dabarar ba laifi. Daga bakinta wannan lambar yabo ce.

Asabar, 4 ga Afrilu

Takunkumi ya ƙi zama. Kunnuwanta ƙanana, karan hancin a kwance, da ta buɗe baki sai ya zame ya koma haɓa. Mamanta ta ɗinka maɓalli biyu a jikin hularta, aka rataya igiyar a can. Yanzu ya zauna daram. Na ba ta tsohuwar hular aikina aka yi mata irin haka, sai ga shi ba ta yarda a cire.

Laraba, 15 ga Afrilu

Mun jawo wa kanmu. Yanzu ita ce hukuma a gidan nan. Na wanke hannu a gurguje, ta kama ni, ta mayar da ni famfo. "Sake." Kakarta ta kira a waya ta yi atishawa, Kwandasta ta ce mata, "Baya!"

Makwabta su ce galahanga, likita ta ce Down, ni dai abin da na sani shi ne fasinjojina masu digiri sun kasa rufe hanci na tsawon tasha biyu, 'yata kuwa ta iya. Yau wani mai kwat ya sauke takunkumi don ya yi tari. Don ya yi tari! Na ce a raina, da za ka zo gidana a koya maka.

Juma'a, 8 ga Mayu

Malamarta ta kira, wai in an buɗe makaranta za su tsara komai yadda ya dace. Na ce mata ta tsara wa 'ya'yan wasu. Tawa ba za ta taka makaranta ba sai ciwon nan ya bar duniya, ko da za ta yi furfura a falo. Mamanta ta ce yarinyar na kiran sunayen ƙawayenta tana jera kujeru. Na ce ta jera.

Talata, 2 ga Yuni

Shayin safe ba ɗanɗano. Na ɗauka mamanta ta manta sukari.

Alhamis, 4 ga Yuni

Gwaji ya nuna ina da ciwon korona. Ni ɗin dai, ƙofar da likita ta faɗa.

Na koma ƙaramin ɗakin da muke ajiye kaya, tsakanin tsohuwar fanka da akwatuna. Mamanta ta ɓamɓare tef ɗin daga bakin falo ta liƙa sabo nesa da ƙofata. An auna su biyun, ba su da shi, amma an ce a jira a sake. Ina jin mamanta ta bango tana ƙirga numfashin yarinyar. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da aka shiga da ita tiyata. Ran nan ba ni na kai mata ciwon ba.

Lahadi, 7 ga Yuni

Zazzaɓi. Tari. Ba na iya rubutu.

Talata, 9 ga Yuni

Kullum da safe sai ta zo bayan layi da hularta.

"Tasha?"

"Da saura, Kwandasta."

"Doguwar tafiya."

Sai ta tura min tikiti da tsinken tsintsiya har ya shige ƙarƙashin ƙofa. Sun taru a kan akwati. Ban san inda muka nufa ba, amma dai na biya kuɗin mota.

Asabar, 13 ga Yuni

Dole in rubuta wannan.

Yau na tashi garau, ko dai na ga kamar haka. Zazzaɓi ya sauka. Mamanta ta fita karɓo magani. Na buɗe ƙofa da takunkumina don in sha iska, sai ga ta zaune a bayan layi tana yi wa 'yartsanarta faɗa. Ta rame min a ido. Ta ɗago ta yi wannan murmushin nata da ke rufe idanu gaba ɗaya.

Ban san lokacin da bakina ya ce "Tasha" ba. Wallahi ban shirya ba. Kewa ce kawai ta yi min yawa.

Ta miƙe zumbur. Ƙafa ɗaya ta ɗaga. Sai tari ya sarƙe ni.

Ta mayar da ƙafar. Ta ɓoye hannuwanta biyu a baya, ta riƙe ɗaya da ɗaya, kamar su ne za su gudu su bar ta. Hawaye na zuba, ta ce, "A'a, Baba. Tari. Mota na tafiya."

Sannan ta nuna min ƙafata. Ashe na fito da ita waje.

"Baya."

Na koma baya. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa. Ni da na kafa dokar ni na karya ta, yarinyar da aka ce ba za ta taɓa gane komai ba ita ta tsare kanta daga ubanta. Kunya ta kama ni, amma alfahari ya fi ta yawa, har na rasa inda zan sa shi. Da ina da lasifika da duk unguwar nan ta ji.

Da mamanta ta dawo, kafin in buɗe baki an riga an kai ƙarata. "Baba ya yi laifi." Abin da mamanta ta faɗa min ta bayan ƙofa ba na rubutawa ba ne.

Litinin, 22 ga Yuni

Likita ta sallame ni. Su biyun an sake aunawa, lafiya lau. Alhamdulillah.

Na yi wanka, na sa sabbin kaya, na tsaya na ce "Tasha!" da ƙarfi. Ba ta motsa ba. Ta kalli mamanta. Wato maganar direba ta daina aiki. Sai da aka kira likita a waya, matar nan mai aiki har wuya ta ce "Tasha" tana dariya, sannan aka sheƙo. Ta buge min ƙirji da kai har na zauna daɓas. Ban ce ta sassauta ba.

Asabar, 12 ga Satumba

Malamarta ta sake kira. Aji kaɗan-kaɗan, tagogi a buɗe, kowa da takunkumi. Likita ta ce haɗarin bai tafi ba, kuma ba za ta yi mana alƙawarin komai ba, amma zaman ɗaki ma yana cin yarinya ta wata hanyar. Ta ce shawara tamu ce. Na ce ai na riga na yanke tun tuni.

Mamanta ba ta yi musu ba. Cewa kawai ta yi, "Cikin ku biyu, wa ya tsallake layi?"

Ban ci abincin rana ba.

Litinin, 5 ga Oktoba

Ban ce na yarda ba. Na dai bi ta makarantar ne da safe tunda hanyata ce. Na duba tagogin, suna buɗuwa. Na duba famfo, akwai sabulu. Ragowar tef ɗin nan da ma yana cin wuri a durowa, shi ya sa na kai wa malamar, na kuma nuna mata inda za ta liƙa tsakanin kujeru tunda na riga na zo.

Kwandasta ta raka ni ne kawai. Hular da jakar mamanta ce ta sa mata, ban lura ba.

A bakin aji akwai wani layi da suka ja da fenti, iyaye ba sa wucewa. Ta shige abinta, ta juyo, ta kalli takalmina.

"Baya, Baba."

Na ja baya. Na makara aiki, na ce musu cunkoso ne.