Kada Ka Bar Injin Jiratawa

Hafizu,

Kada ka kuskura ka miƙa makullin injin ban ruwan nan kafin ka karanta takardar nan har ƙarshe.

Ina gaishe ka. Ya jikin kakarka a Tibiri? Ya ƙannenka da makaranta? Ni lafiya lau nake a Tamanrasset. Ƙafafuna ne kawai ke kumbura saboda tsayuwa a gidan abincin da nake aiki, amma in na ɗaure su da tsumma ina kai yamma.

Yayarka Zalihatu ta gaya mini za ka bar aikin ƙungiyar manoman Jiratawa, wai wani Alhaji a Sabon Gari ya ce ka riƙa zuwa ƙofar gidansa, zai ba ka tuƙin mota. Je ka dubi bencin ƙofar nan da kyau. Akwai masu furfura a kansa da aka faɗa wa haka tun suna samari, har yau shayi suke dafawa suna jira. Ranar da ka ajiye injin, kafin la'asar an ba wani, kuma babu mai sake kiranka. Aikin taɓo ne, na sani, amma shi ke riƙe gidan in kuɗin da nake aiko muku ya makara. Kuma daga yanzu zai riƙa makara.

Allah ya yi maka albarka. Na riga na sanar da Zalihatu: daga yau, duk wanda ya ajiye aiki bai kama wani ba, kada a zuba mishi tuwo a gidana, ko da kai ne.

Mahaifiyarka,
Saudatu