Hauyar da Kika Maido

Zuwa ga Ummuhani, sanyin idona, inuwar gawo a tsakar rani, ruwan farko da manomi ke ɗaga kai yana jira. Gaisuwa mai yawa daga maƙerata a Gidan Rumji.

Bayan haka, hauyar ta iso. Yayanki Ɗanlami ya jingine ta a bakin rumfa, ya isar da saƙonki: matan unguwarku sun yi miki dariya a bakin rijiya, wai sauran samari na kai turare da zane, ni kuwa na aiko da hauya, ashe 'yar ƙodago nake nema. Ya ce kin ce ke ba kayan aiki ba ce. Ban yi musu da shi ba, ƙarfe na wuta a lokacin.

To, gaskiyarki. Ni na san kayan aiki, da su na tashi. Masabar dukan ƙarfe in ta tsage sai in sake wata. Awartakina na kama ƙarfe ya kwana uku a gidan maƙwabci ban ko tambaya ba. Wanne daga cikinsu ya taɓa hana ni cin tuwo? Ke kuwa, ya farin watana, tun ranar nan hura kawai ke wuce mini.

Kin tuna kasuwar Cadakori, gab da shuka? Kin kawo hauyar marigayi babanki gyara, kina cewa ƙotar ta fi ki tsawo, kafaɗarki har ciwo take in kin wuni noma a gamanarki, 'yar gonar nan taki. Kin tsaya jikin dirkar rumfa kina gyara lulluɓi. Ba ni da ikon auna ki, sai na riƙe da ido inda tsayinki ya kai a jikin dirkar. Kina tafiya na shata da gawayi. Da wannan awon na yanke ƙotar hauyar da na aiko miki, na kankare ta kwana shida don kada ta yi miki kanta. Kaico! Ni turaren da na iya ke nan. Na yi wauta da ban haɗa da zane ba, na yarda, zanen kuma yana nan tafe.

Ga roƙona, guda ne. Ran kasuwa mai zuwa zan jingine hauyar a wannan dirkar. In kin ɗauka, baffannina za su je gun kawunki neman aure. In kin wuce, ba zan ƙara damun gidanku ba, kuma ba zan ga laifinki ba.

Jiya wani manomi ya gan ta, ya nace sai na sayar masa. Na miƙa masa ya gwada, ya tura sau biyu ya aje, ya ce wannan ai an yi ta ne don mutum ɗaya.

Naki, ko kin ɗauka ko kin bari,
Labo Maƙeri