Na Karɓe Aikin da Aka Aiko wa Wanda Ya Koya Mini Tuƙi

Assalamu alaikum Admin, da ku masu karatu, Musulmi da Kirista, ina gaishe ku duka. Don Allah a ɓoye sunana. Ina kuma roƙon duk wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, domin babu zagin da ban riga na yi wa kaina ba ni kaɗai a cikin mota.

Ni direba ne a Abuja, irin wanda ake kira ta manhajar waya. Kafin nan aikina buga takardu da fotokwafi ne a wani shago a Samaru, kusa da ƙofar jami'a, ina haya a ɗaki ɗaya a Bomo. Iyayena sun rasu, 'yan'uwa kowa na ta kansa. Mutum ɗaya nake da shi, zan kira shi Ishaya, ba sunansa ba ne. Ɗan Sabon Gari ne, ya girme ni kaɗan, yana da mata da 'ya ɗaya, ga tsohuwarsa a hannunsa. Direba ne na gaske, ya daɗe yana jan bas ɗin wata makaranta, da aka rufe makarantar ya koma jan keke mai ƙafa uku na wani. Shi ya koya mini tuƙi. Ran Lahadi in ya taso daga coci sai ya aro tsohuwar motar kawunsa mu tafi wani fili a bayan Bomo, in yi ta kashe mota yana dariya yana cewa, "Saki kuloci a hankali, ɗan Bomo! Mota ce, ba keken ɗinki ba." Mahaifiyarsa kuwa in azumi ya zo kunun gyaɗa take dama mini, ta ce, "Ɗana, kada ka sha ruwa a kan titi kamar marar gida."

Akwai wata Hajiya, tsohuwar malamar jami'a, Ishaya ne ke kai ta kasuwa da asibiti, ni kuma nake buga mata takardu. Wata rana ta shigo shago ta ce ta yi ta neman Ishaya a waya ba ta samu. Na ce mata babansa ne ya rasu, ya tafi ƙauyensu a kudancin Kaduna, can kuwa babu sabis. Ta jajanta, sannan ta ce, "To ga saƙo. Ɗana na Abuja zai sayi mota ya sa ta a aikin nan na manhaja bayan damina, yana neman direba mai amana. Na ce masa ina da mutum. In Ishaya ya dawo ka faɗa masa, ka kawo mini amsa." Na ce to, Hajiya. Wallahi a lokacin da zuciya ɗaya na amsa, har murna na yi masa. Amma da ta fita na zauna ina kallon injin fotokwafi yana tofo takardun yaran da za su gama karatu su wuce su bar ni a nan, kamar yadda na gabansu suka wuce, sai wani abu ya fara ci na. Ni fa? Har yaushe? Ni wa zai taɓa aiko mini da irin wannan saƙo?

Ishaya ya dawo a rame, na je na yi masa gaisuwa, na zauna a tabarma har la'asar, maganar tana bakina ban faɗa ba. Na ce wa kaina ba lokacinta ba ne. Da Hajiya ta sake zuwa ta tambaye ni, sai na ji bakina yana cewa, "Hajiya, ya ce ya gode, amma shi ba zai je ya yi wa kowa yaron mota ba." Fuskarta ta canja. Ta ce, "Ishaya ne ya faɗi haka?" Na ce ƙwarai. Ta gyara gilashinta. Sai na ƙara da cewa, "Ni ma na iya tuƙi, lasisi ne kawai ba ni da shi." Ta dube ni ta ce, "To ka je ka yi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Ishaya ne ya tsaya mini har na sami lasisin. Da na ce masa Hajiya ta samo mini aiki, ya ce, "Hajiyata?" Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ta yi daidai. Ka fi ni iya waya da Turanci." Shi ya kai ni makarantar koyon tuƙi a Sabon Gari don in sami takardar shaida, ya ce kada in yarda da 'yan bakin ƙofa masu cewa za su fitar mini da lasisi ba gwaji, jabu za su ba ni. Shi ya riƙa yi mini tambayoyin alamomin hanya muna cin masara a bakin kekensa. Ranar gwaji ya ajiye aiki ya raka ni, na yi ribas tsakanin sanduna, na ɗago na hango shi a gindin bishiya ya ɗaga hannu biyu sama kamar an ci ƙwallo. Ranar ɗaukar hoto da zanen yatsa farar rigarsa ta zuwa coci ya ara mini. Hoton da ke kan lasisina, wanda ke kan manhaja, wanda kowane fasinja ke gani kafin in iso, rigar Ishaya ce a jikina. A cikin kwanakin nan ya taɓa ce mini, "Ban san me na yi wa Hajiya ba, ta daina kira na." Na ce wataƙila shirin tafiya ne ya sha mata kai, domin za ta je wurin 'yarta da ta haihu a ƙasar waje. Ya ce, "Haka ne fa." Ta tafi ba su haɗu ba.

Na iso Abuja, aka duba lafiyar mota, aka tura takarduna, na yi ta jiran a buɗe mini manhaja. Ranar da ta buɗe wayata ta yi ƙara, fasinjan farko. Na ɓace hanya sau biyu, matar da ke magana a taswirar waya tana ta cewa in juya, mutumin ya sauka ya yi tafiyarsa. Wa na kira in faɗa wa? Ishaya. Ya ce, "Kada ka damu, ni ranar farko katangar makaranta na gogar wa bas."

Jama'a, ban san kaɗaici ba sai a garin nan. A Samaru ba ka taka ƙafa goma ba a kira sunanka ba. Nan kuwa mutum zai shigo bayan mota, ya toshe kunnensa, mu yi tafiya mai nisa a cunkoso bai ga fuskata ba, ya sauka ya danna mini taurarin yabo a manhaja. Ɗakina a Mararaba yake, barci kawai ke kai ni. A mota nake cin abinci, a bakin titi nake salla, ran Juma'a in yi sahu da mutanen da ba wanda zai ce mini ina gajiya. Akwai ranar da na lura tun safe ban furta komai ba sai "ina kwana" da "mun iso". Wayata tana ƙara dare da rana, amma duk masu neman mota ne. Mai nema na ni kaina mutum ɗaya ne. Duk Lahadi bayan coci sai ya kira: "Ɗan Bomo, ka duba baƙin mai? Ka duba ruwan lagireto? Ga Mama." Tsohuwar ta karɓa ta ce tana sa ni a addu'a. Ku gaya mini, yaya mutum zai yi da addu'ar da ya san bai cancance ta ba? Ina ɗokin kiran nan duk mako, in ya zo kuma in kasa cin abinci.

Kwanakin baya mai keken da Ishaya ke ja ya karɓe abinsa ya ba ƙanin matarsa. Yanzu Ishaya, direban da iyaye ke damƙa wa 'ya'yansu, lodin kaya yake yi a kasuwar Sabon Gari kafin ya sami wani. Ba daga bakinsa na ji ba, matarsa ce ta faɗa mini. Na tura masa ɗan abin da ya sawwaƙa, ya kira yana faɗa, wai in tara in sayi motar kaina, shi namiji ne zai ji da gidansa.

Ran Lahadin da ta wuce ya kira muryarsa cike da murna. Ya ce, "Albishirinka, Hajiya ta dawo! Na hango ta a kasuwa. Ran Asabar zan je gidanta ni da Mama, mu yi mata godiya a kan abin da ta yi maka. Kai ba ka da wanda zai je maka, to mu ne naka. Mama har ta soya mata gyaɗa." Na ce ba sai sun wahalar da kansu ba. Ya ce, "Wahalar me? Ai abin kunya ne a ce ba mu je ba."

Tun daga lokacin ban kunna manhaja ba. Ina zaune a mota a gindin wata bishiya nake rubuta wannan. In na kira shi na faɗa masa, na rasa mutum ɗaya tak da ke kira na a duniya. In na yi shiru, zai ji a falon Hajiya, a gaban mahaifiyarsa, da ledar gyaɗa a hannu. Na yi tunanin in mayar da makulli in ce a ba shi motar, amma wa zai yarda da shaidar wanda ya yi ƙarya tun farko? Kuma ko an ba shi, shi ke nan na wanke abin da na yi? Ba na neman a ce mini ba ni da laifi, na san ina da shi. Yau Alhamis. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?