Igiyar Awon Dogo

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana nan ma, da jan biro za ka fara bin ta kana gyara mini waƙafi da aya kafin ka kula da abin da nake faɗa, don haka wannan karon na huta. Rahoto na kawo maka, kamar yadda na saba duk lokacin da na dawo daga tafiya. Maganar igiyarka ce. Amma bari in fara da labarin gida. Ka ɗan jira. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jiran jirgin Fatakwal a tashar Lafiya ai ba zai kasa jiran shafi ɗaya ba.

An ba mu jiha, Malam. Lafiyar nan taka da kake cewa babban ƙauye ce mai tashar jirgi, yau ita ce babban birni. An kwaso mu daga Jos da kujeru da takardu a bayan manyan motoci, kamar masu gudun ambaliya. Ofishina wani tsohon sito ne, har yanzu warin taki bai bar shi ba, wanda ya dace da ma'aikatar gona. 'Yan acaɓa sun cika gari. Duk wanda ka gaisar sai ya ce maka ya zama darakta. Ni ma na zama. Yaran da ka koyar a firamaren Agyaragu su ne yanzu suke ajiye tumbi suna sa hannu a takarda, kuma in sun gan ni har ƙasa suke durƙusawa, ba don ni ba.

Ummi tana jami'a, tana karanta lauya, ta gaji gardamarka ba ta bar ko kaɗan ba. Yayarka Talatu tana nan lafiya, tana ci gaba da mulkin gidanmu daga nata gidan. Bishiyar mangwaron da ka dasa ta fara 'ya'ya, masu tsami, kamar yadda na gaya maka tun ranar da ka sayo dashen.

Kujerar daraktan nan da aka ba ni tana da ma'ana ɗaya: na gama fita waje kwas. Yanzu ni ce mai zama a kujera in tura yara. Tafiyar da na yi Japan ta koyon noman shinkafa, wadda aka tsara tun kafin a raba jiha, ita ce ta ƙarshe, kuma tun kafin in hau jirgin sama na san haka. Shi ya sa da nake haɗa kaya na daɗe ina kallon igiyar nan. Na yi maka alkawari zan nemo ƙasar da faɗin layin dogonta ya yi daidai da namu, ga shi dama ɗaya ta rage mini.

Ka tuna yadda abin ya faro? Ina shirin tafiya Ingila ƙaro karatu, Ummi tana goye. Sauran maza suna ba matansu sautun agogo da rediyo da kwat. Kai ka tafi tasha da igiyar ɗinkin buhu, ka durƙusa a kan dogo, ka yi ƙulli ɗaya a cikin ƙarfen hagu, ɗaya a cikin na dama, ka bar saura yana reto. Ka kawo mini ka ce in na isa in gwada a dogonsu. Ba don kana shakka ba. Shekaru ka yi kana koya wa yara cewa faɗin dogo ɗaya ne a duk duniya, tunda Turawa ne suka shimfiɗa namu, kuma da babu teku a tsakani, da mutum zai hau jirgi a Lafiya ya sauka a Landan. Shaida kawai kake so ka nuna wa 'yan aji shida.

Na gwada, Malam. Ka san na gwada. Na samu wata 'yar hanyar ƙafa da ta tsallake dogo a bayan ƙauyen da makarantarmu take, na durƙusa da zanina da rigar sanyi biyu. Wani dattijon Bature mai jan kare ya tsaya ya tambaye ni ko na yar da wani abu. Na ce bincike nake yi. Nan take ya riƙe mini bakin igiyar. A ranar na gane cewa da kalmar bincike mutum zai iya yin kowace irin wauta a ƙasar Turawa, a taya shi. Dogonsu ya wuce ƙullinka da nisa, kusan tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsu. Na ɗaura jan zare a wurin.

Da na dawo na shimfiɗa maka igiyar a kan tabarma, tuwonka ya huce ba ka taɓa ba. Na zaci za ka ce ban iya awo ba. Ai na tanadi amsa. Ba ka ce ba. Washegari ka tara makaranta gaba ɗaya, ka ce wa yara abin da ka koya musu kuskure ne, su je su gaya wa yayyensu da suka gama. Hedimasta guda, a gaban malamansa. Ban taɓa gaya maka ba, amma a ranar ce na daina tunanin ko na yi gaggawar aure. Ƙawayena na Zariya sun auri likitoci da manyan sakatarori, ban ga wanda a cikinsu zai iya abin da ka yi ba.

Da yamma kuma ka zo da sabuwar rigima. Ka ce ba zai yiwu a ce mu kaɗai ne a duniya ba. Dole akwai wata ƙasa da jirginmu zai iya tafiya a dogonta ba tare da ya faɗi ba. Sai an nemo ta. Wa zai nemo? Wa ke fita waje a gidan?

Haka na zama mai leƙen jiragen ƙasa. A Holan na je taron iri, na gudu daga liyafar rana na tafi neman dogo. Faɗinsu ɗaya da na Ingila, sai na ɗaura shuɗin zare kusa da ja. Ka fi jin daɗin labarin kekunan da aka jibge a bakin tasharsu, kamar kasuwar Alhamis ta kekuna zalla, da yadda fasinja suke zama kowa da jaridarsa, babu mai gaisar da wani, babu mai miƙo lemo ko rake ta taga. Ka ce to ina daɗin tafiyar? A Indiya igiyar da kyar ta kai. Saura kaɗan in ƙara da gefen gyalena. Can ne na ji kamar ina gida: mutane har kan rufin tarago, masu talla suna ihu, shayi a ɗan kofin ƙasa da ake sha a jefar. Kore na ɗaura musu, can a ƙarshen igiya.

Kenya ce ta kusa kashe mu. Ina ganin dogon na ce wannan namu ne. Na durƙusa ina bismilla, na ja igiya, sai ga ƙullinka ya hau kan ƙarfe. Nasu ya gaza namu da faɗin yatsu uku ko huɗu. Yatsu huɗu, Malam! Na ba ka labarin raƙuman dawa da na gani ta taga, da ma'aikacin da ke yawo da ƙararrawa yana kiran fasinja cin abinci, duk ba ka ji ba. Ka riƙe igiyar kana kallon rawayan zaren nan kamar wanda aka ce masa ɗan'uwansa ya zo gari ya wuce bai tsaya ba.

Kai kuwa sau ɗaya ka bar Najeriya, ka tafi aikin Hajji. Ka dawo kana godiya ga Allah, ka raba dabino da zamzam, sai da baƙi suka watse ka matso ka ce mini a hankali ko jirgin ƙasa ɗaya ba ka gani ba.

Ga wani abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kowane ɗakin karatu na jami'a yana da littafin da zai ba mu amsar nan a zama ɗaya. Na sha wucewa ta gaban kantar da irinsa suke. Ban taɓa buɗewa ba. A gabanka ina ƙorafi, ina cewa ka mai da mace mai digiri biyu 'yar aiken awon ƙarfe, amma gaskiya igiyar ce take fitar da ni daga otal. Ita ta kai ni bayan gari inda mutane na ainihi suke shanya kaya suna kiwon kaji. Abokan tafiyata sun dawo da hotunan ɗakin taro. Ni na dawo da abin da za mu kwana uku muna gardama a kai. Kai fa? Kana so ka ce mini hedimasta bai san akwai irin wannan littafi ba? Ina jin mu biyun duk mun sani, kowa ya yi shiru.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka sa na ɗauko igiyar daga ƙusa. Ka ce ba wasiyya ba ce, kada in yi wannan fuskar, kawai in kula kada Yaya Talatu ta ɗaure akuya da ita. Na ce zan nemo maka ƙasar. Ka yi dariya har tari ya kama ka. Bayan rasuwarka ban sake samun fita ba sai wannan ta Japan.

To ga rahoton.

Na ga jirgin nan nasu mai gudu da ake ta labari. Kansa kamar bakin kifi, fari tas, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, kafin ka gama nuna shi da yatsa ya ɓace. Mai duba tikiti in ya shigo tarago sai ya rusuna, in zai fita ya juyo ya sake rusunawa. In jirgi ya ɗan makara, abin da mu a nan ba ma kira makara ba, sai a yi ta ba da haƙuri ta lasifika. Na tuna yadda muke shimfiɗa tabarma a tasha mu ci abincin rana da na dare. Na leƙa dogon daga inda fasinja ke tsayawa, faffaɗa ne irin na Ingila, kuma an kewaye shi ta yadda ko kyanwa ba za ta kai gare shi ba. Na ce shi ke nan. Me zai haɗa waɗannan mutane da Lafiya? Na mai da igiyar ƙasan akwati, na yi maka addu'a, na nemi afuwarka.

Daga baya aka kai mu karkara, inda gonakin gwajin shinkafar suke. Da safe ina tsaye a bakin taga ina shan shayinsu marar madara marar sukari, sai ga wani ɗan jirgi mai tarago ɗaya tal yana ratsa fadama, cike da 'yan makaranta, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Na kalli dogon da ya bari a baya. Malam, shekarun nan sun ba ni ido. Kofin na ajiye don kada ya faɗi.

Ranar Lahadi na fita ni kaɗai zuwa inda hanyar gona ta tsallake dogon. Wata tsohuwa mai lanƙwasasshen baya ta taho da amalanke cike da kabeji. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin nata, kalmar bincike ba ta da amfani. Na nuna mata igiya, na nuna ƙarfe. Ta kalle ni, ta kalli ɗankwalina, ta ajiye amalanken ta karɓi bakin igiyar ɗaya. Muna durƙusawa ƙararrawa ta fara kaɗawa, ta fizge ni gefe da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, tana ta faɗa da yarensu. Faɗan irin na Yaya Talatu ne sak, ban buƙaci tafinta ba. Jirgi ya wuce, yara suna ɗaga mana hannu. Muka koma. Ta danna ƙulli na farko a cikin ƙarfen hagu, na ja.

Ƙullinka ya zauna a cikin ƙarfen dama kamar a nan ka ƙulla shi.

Na sake ja, ya sake zama. Na zauna a ƙasa a tsakiyar hanyar mutane. Tsohuwar ba ta san me ya faru ba, amma ta ga fuskata, ta yi ta gyaɗa kai tana dariya, ta ɗauko kabeji guda ta ɗora mini a cinya. Me zan yi da kabeji a masauki? Na karɓa da hannu biyu.

Ka san halina. A jirgin dawowa na fara tunanin igiya tana miƙewa in ta tsufa, wataƙila ita ce ta canja. Don haka da na iso gida, bayan la'asar, na ɗauki Ummi muka tafi tasha. Jirgi yanzu sai an yi sa'a ake ganinsa. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, awaki suna kiwo, matan da ke sayar da doya da lemo ta taga sun koma bakin titi. Yaya Talatu ta ji labari kafin mu isa, ta aiko a gaya mini darakta guda ba ta durƙusawa a kan dogo a garin da ya zama babban birni. Na durƙusa. Ummi ta riƙe bakin igiyar ɗaya tana waige-waige kada ƙawayenta su gan ta. Daidai, Malam. Igiyarka ba ta miƙe ba.

Ashe kana da rabin gaskiya tun farko. Da babu teku, jirgin Fatakwal zai iya ratsa gonakin tsohuwar nan. Zai makara, kuma ba zai ba kowa haƙuri ba, amma ba zai faɗi ba.

Matsala ɗaya na samu: inda zan ɗaura zaren Japan. Kowace ƙasa tana da wurinta a jikin igiyar, ita kuwa wurinta ƙullinka ne. Na ɗauko farin zare na naɗe ƙullin da shi. Na mai da ita ƙusarta. Babu akuyar da za ta gan ta.

Na cika alkawari. Ina lafiya, ina cin abinci, ina gardama da Ummi a madadinka. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a inda ba a jira.

Sai mun iso.

Taka,
'yar aiken awon ƙarfe