Macen Kifin da Ta Daina Ci

Ƙofar Dumi, Bauchi

Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi, kuma Malam Hammajoda da yara suna lafiya.

Ɗanki, na farin nan da bakina bai saba da sunansa ba, ya tafi bautar ƙasa ya bar mini amanar kifayensa na ado a akwatin gilas. Kwanakin baya wata shuɗiya a cikinsu ta zuba ƙwai a kan tsakuwa, sannan a gabana ta bi su ta tsince da baki. Raina ya ƙi halittar da ke cinye 'ya'yanta. Tun daga ranar ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, sai ramewa take yi. Ina tsoron ta mutu a hannuna, kuma kin san nauyin yaron ba zai bar ni in kira shi ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Hamsatu

Yaya Bilkisu,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Yaya jikin?

Jiya bayan sallar walaha na ɗauko raga don in ware shuɗiyar kifin nan a bokiti, sai ta buɗe baki. 'Yan kifaye suka fito, ba su fi ƙwayar shinkafa ba, kowanne da idanunsa, kowanne yana iyo. Da inuwata ta faɗa kan gilashin, sai suka ruga suka koma bakinta, ta rufe a hankali. Ashe makonnin nan renonsu take yi, ga yunwa, ga su a kan harshenta, ba ta haɗiye ba. Na zauna a ƙasa ina tasbihi ga Wanda ya koya mata, ina tambayar kaina da wane ilimi na yanke mata hukunci.

To, ban san abin da suke ci ba, jira kuma halaka ce gare su. Na kira yaron da kaina. Ya ce in murje musu kwanduwar dafaffen ƙwai kaɗan, in riƙa sauya ruwan da na rijiya. Bayan nan bai ajiye wayar ba, ni ma ban ajiye ba. Yaya, ban san haka dariyarsa take ba.

Sun ci da safen nan, uwar ma ta ci. Ki gaishe da mutanen Zungur.

Ƙanwarki,
Hamsatu